Dokin laka da dokin dalma: Yadda ake ƙera dabbobin wasan yaƙi

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye ke jera ƙananan mayaƙa da dabbobinsu a kan wani allo mai siffar fagen fama, sannan su kara da juna bisa ƙa'idojin da aka rubuta a littafi.

A ƙasashen Turai da Amurka manya ne suka fi yin wasan. Kafin a kai ga ranar karawa kuwa, mai wasa kan shafe makonni yana harhaɗa dawaki da raƙuma da giwaye waɗanda tsawonsu bai kai na ɗan yatsa ba, yana yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Da dama daga cikinsu ma wannan aikin hannu ne ya fi ɗauke musu hankali a kan wasan kansa.

Wasan bai yaɗu a ƙasar Hausa da wannan siffa ba, amma yana da ɗan uwa na kusa wanda duk wanda ya tashi a karkara ya sani, wato dokin laka.

A bakin fadama

A Dalijan da ke ƙaramar hukumar Gwandu a jihar Kebbi, da ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo, kamar dai sauran yankunan noma da kiwo na arewa, laka ita ce kayan wasan farko da yaro ke samu kyauta. Idan ruwa ya ja baya a fadama ko a kududdufi, sai yara su yanko yumɓu su zauna a inuwa suna gina shanu da dawaki da raƙuma.

Sa ya fi sauƙin ginawa. Ana mulmula gangar jiki, a tsamo tozo da yatsu biyu, a ja gajerun ƙafafu huɗu daga jikin curin, sannan a soka ƙayar aduwa ko ta farar ƙaya a matsayin ƙaho. Yaron da ya saba da garke yana bambanta bokoloji mai guntun ƙaho da faɗin leɓe, da rahaji mai dogayen ƙahoni, tun kafin ya iya rubuta sunayensu.

Doki shi ne mai wuya, saboda wuyansa dogo ne, ƙafafunsa kuma sirara. Idan aka sirance su da yawa sai su karye, idan aka kaurara su sai ya koma jaki. Dabarar da aka sani ita ce a saka tsinke ko sillen kara a cikin kowace ƙafa da cikin wuya, a lulluɓe da laka. Masu ƙwarewa kan kwaɓa yumɓun da ɗan ƙaiƙayi ko garin tsingaro, kamar yadda mata masu ginin tukwane ke yi, don kada ya tsage. A inuwa ake fara shanya shi, domin rana mai zafi tana busar da baya ta bar ciki da danshi. Wanda ke son nasa ya daɗe sai ya binne shi a cikin garwashin murhu ko na busasshen kashin shanu, ya fito ja ko baƙi da tauri.

Launi ma daga ƙasa yake fitowa: farar ƙasa ko alli don fari, jar ƙasa don ja, gawayi ko baƙin tukunya don baƙi, a dama da ruwan ƙaro kamar tawada. Ƙyallen da tela ya zubar shi ne jalala, zare kuma linzami. Daga nan sai a ja layi a ƙasa, kowa ya jera nasa, a riƙa karo har dokin wani ya karye.

Wannan al'ada ta daɗe ƙwarai a yankin. A tsakiyar shekarun 1960, masanin binciken kayan tarihi Graham Connah ya tono ƙananan shanu da wasu dabbobin laka a tudun Daima da ke Borno, waɗanda wasunsu sun haura shekara dubu biyu, kuma ana kyautata zaton akwai kayan wasan yara a cikinsu. A Bura da ke yammacin Jamhuriyar Nijar, tonon da Boubé Gado ya jagoranta a 1983 ya fito da siffar mahayi a kan dokinsa, na gasasshiyar laka, ko da yake wannan kayan makabarta ne.

A 'yan shekarun nan motoci da bindigogin roba masu araha da ake shigowa da su daga waje, da kuma wayar salula, sun rage wa dokin laka farin jini, musamman a garuruwan da ke kan titi.

Asalin wasan a Turai

Tushen wasannin yaƙi na allo yana komawa ga darar Indiya ta kusan ƙarni na 6, wadda aka gina a kan rukunoni huɗu na runduna: giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Ta bi ta Farisa ta shiga ƙasashen Larabawa da sunan shaɗaranji, daga nan ta isa Turai.

Wasan na zamani kuwa daga barikin soja ya fito. A 1812 wani jami'in ƙasar Furushiya, a Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarkinsa wani tebur na gwada dabarun yaƙi. Ɗansa, wanda hafsan sojan igwa ne, ya gyara ƙa'idojin a 1824, rundunar ƙasar ta karɓe su don horar da hafsoshi. Ana amfani da taswira, da ƙananan tubala masu launin ja da shuɗi a madadin bataliyoyi, da alƙalin wasa. Bayan da Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin wasu ƙasashe suka kwaikwayi tsarin.

Ta ɓangaren kayan wasa, maƙeran birnin Nuremberg sun yi suna tun ƙarni na 18 wajen zuba ƙananan sojoji na kuza. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya ɓullo da hanyar zuba sojan dalma mai rami a ciki, abin da ya rage nauyi da tsada. Marubucin nan H.G. Wells shi ya haɗa abubuwan biyu a littafinsa Little Wars na 1913, inda ya tsara ƙa'idojin wasa da irin waɗannan sojoji a daɓen ɗaki, ana harbinsu da 'yar igwar wasa mai cilla tsinke.

Littafin Donald Featherstone na 1962 ya farfaɗo da sha'awar bayan yaƙin duniya na biyu, a daidai lokacin da kamfanin Airfix ke sayar da sojojin roba a farashin da ɗan makaranta zai iya biya. Kamfani mafi girma a harkar shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da wasan Warhammer a 1983, kuma hedkwatarsa na birnin Nottingham. A watan Disambar 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Dabbobin Warhammer dai galibi na tatsuniya ne, dodanni da kyarkeci da ake hawa. Masu bin tarihi suna da nasu ƙananan kamfanonin.

Girma da kayan ƙira

Ana auna girman ɗan sojan wasa da milimita, daga tafin ƙafa zuwa ido ko tsakar ka. Waɗanda aka fi yayi su ne milimita 28 da milimita 15, akwai kuma na milimita 6 ga mai son jera dubban mayaƙa a tebur guda. Dole dabba ta dace da ma'aunin mahayinta.

Da abubuwa uku ake yin su. Akwai ƙarfe mai taushi, wanda a da gamin dalma da kuza ne, kafin manyan kamfanoni su cire dalmar a shekarun 1990. Akwai roba mai tauri da ke zuwa gunduwa-gunduwa a jikin firam. Sai kuma wani ƙaro na masana'anta da ake kira rezin, wanda ya fi fitar da ƙananan zane kamar gashi da tamoji, amma yana saurin karyewa. Da rezin ne kuma na'urorin ɗab'i masu fitar da abu da cikakkiyar siffarsa suka fi aiki, inda mutum zai sayi zanen ta intanet ya buga dabbarsa a gida.

Harhaɗawa

Dokin roba kan zo ne a ɓari biyu, dama da hagu, wani lokaci da kai daban. Ana yanke su daga firam da 'yar filaya mai kaifi, a kankare siririn layin da mazubi ya bari a kan gadon baya da ƙafafu da bayan wuƙa. Layin ba ya cika bayyana a lokacin, sai an yi fenti yake fitowa ɓaro-ɓaro, lokacin da gyara ya yi wuya.

Ana wanke na ƙarfe da na rezin da ruwan sabulu, saboda maiƙon da ake shafa wa mazubi yana hana fenti kamawa. Ana gwada haɗa gaɓoɓin a bushe kafin a sa gam.

Gam ɗin ma iri biyu ne. Na roba yana narkar da fuskokin biyu ne su zama abu ɗaya, saboda haka ba ya aiki a kan ƙarfe. Ƙarfe da rezin sai gam mai kamawa nan take, irin wanda masu gyaran takalmi ke amfani da shi. Babbar dabba kamar giwa, ko raƙumi mai dogon wuya, gam kaɗai ba ya riƙe ta. Ana huda gaɓoɓin biyu da siririn abin huji, a zura guntuwar waya a tsakani. Wannan ita ce dai dabarar tsinken da yaron Dalijan ke sakawa a ƙafar dokinsa.

Idan tsaga ta rage a kan gadon baya ko gindin wuya, ana cike ta da wani danƙo mai kala biyu, shuɗi da rawaya, wanda ke komawa kore idan aka murza, ya kuma daskare cikin sa'o'i kaɗan. Da shi ake ƙara duk abin da kamfani bai yi ba: laya, tuntu, buhun guzuri, ko ma lifidi sukutum.

Daga ƙarshe a manna dabbar a kan ɗan faifai, a barbaɗa yashi. Yawancin masu aikin kan bar mahayi daban sai an gama fenti, don burushi ya samu shiga ƙarƙashin sirdi.

Fenti da launin doki

Matakin farko shi ne shafen share fage, fari ko baƙi ko ruwan toka, wanda ke ba fenti wurin kamawa. Sai launin asali, da fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa. Shafe biyu masu ruwa-ruwa sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kauri yana toshe zanen tsoka da gashi.

Bayan nan ana kwarara launi mai duhu da aka tsinka sosai, ya gangara cikin lunguna ya zama inuwa. Sannan a ɗebi launi mai haske a burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama a kan geza da wutsiya da kafaɗu. Akwai kuma tsohuwar dabarar masu fentin dawaki da yawa: a shafe dokin da launi mai haske, idan ya bushe a lulluɓe shi da fentin mai mai duhu, a goge da soso tun bai bushe ba. Duhun zai zauna a kwaruruka, tudun tsoka ya fito da sheƙi irin na dokin da ke samun harawa da dusa.

Duk wannan ana koyonsa cikin wata guda. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin dabbar kanta, kuma a nan ne wanda ya tashi kusa da barga ya fi mai kallon hoto.

Bahaushe bai taɓa cewa doki ja ne ko fari ya tsaya nan ba. Yana da akawali, baƙi wuluk. Yana da kili, fari. Yana da gunya mai ruwan madara, da aharas da bikili a cikin jajaye, da hurde mai dabbare-dabbare, da danda mai farfaru a jiki. Kowane suna umurni ne ga mai riƙe da burushi. Alal misali, akwai jan dokin da gezarsa da wutsiyarsa da ƙasan ƙafafunsa baƙaƙe ne, akwai kuma wanda gezarsa ja ce kamar jikinsa ko ta fi shi haske, kuma ba a cakuɗa su. Yawancin fararen dawaki fatarsu baƙa ce a ƙarƙashin gashi, shi ya sa bakinsu da kewayen idonsu ke da duhu. Ƙafar da ke da fari takan zo da kofato mai haske, mai duhu kuma da baƙin kofato. Idon doki kusan duka baƙi ne. Mai fentin da ya sa masa fari da yawa sai ya fitar da dabbar da ta firgita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wa runduna guda launi ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu take, ya san da wuya dawaki biyar su jeru ba a samu launi uku ba.

Haka abin yake ga sauran dabbobi. Raƙumi yana da kanta a ƙirji da gwiwoyi inda yake durƙusawa, launinsa kuma daga fari ne zuwa ja mai duhu. Jaki yana da baƙin layi a gadon baya da wani a kan kafaɗu, da farin baki da farin ciki. Giwa ba ta cika zama ruwan toka tsantsa ba, tana ɗaukar launin ƙasar da take birgima a ciki.

Yanayin arewa yana da nasa sharaɗin. A lokacin hunturu akirilik kan bushe a kan burushi kafin ya kai jikin doki. Maganinsa shi ne a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a faranti, a ɗora takarda mai santsi, a dama fentin a kanta. Ƙura tana manne wa shafen ƙarshe mai kare fenti, don haka ana kife kwano a kai har ya bushe. Da damina kuwa, idan iska ta cika danshi, na feshi yakan bar farin hazo a jikin aikin. Roba da rezin suna lanƙwashewa idan aka bar su a rana ko a cikin mota.

Rundunar Gwandu a kan tebur

Ƙasar da Dalijan take ciki ta ga yaƙin dawaki na gaske, kuma tarihinta ya ƙunshi irin darussan da masu wasan ke nema.

A Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi suna da dawaki kimanin 20 ne kacal, yayin da Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifida da mahaya masu yawa. 'Yan baka ne suka ci wannan yaƙi. A 1805 aka ci Birnin Kebbi, Shehu kuma ya koma Gwandu da zama. A ƙarshen shekarar haɗin gwiwar Gobirawa da Kabawa da Azbinawa ya yi wa masu jihadi mummunar ɓarna a Alwasa, aka kora su har Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa. A can ne tuddai masu duwatsu suka hana dawaki da raƙuman maharan sakewa, aka mayar da su baya.

Wato dabba ɗaya ce, amma abin da ta iya yi a fili ba ta iya yinsa a kan dutse. Littattafan ƙa'idojin wasan cike suke da irin wannan lissafi: tazarar da kowace dabba ke iya ci a zagaye guda, wadda ake aunawa da tef, da makin da ake rage mata a kan dutse ko cikin laka, kafin a jefa ƙwayar lido a ga wanda ya yi rinjaye.

Ɗaya daga cikin sanannun littattafan, De Bellis Antiquitatis, wanda ya fito a Ingila a 1990, ya taƙaita kowace runduna zuwa faifai 12, a kan allo mai faɗin kimanin santimita 60 a kowane gefe idan da 'yan milimita 15 ake wasa. A cikin jerin rundunoninsa akwai ta Sudan ta Yamma daga shekara ta 1000 zuwa 1591, wadda ta ƙunshi dauloli irin su Mali da Songhai da Borno da ƙasashen Hausa.

Sai dai mai son jera rundunar Gwandu ko ta Argungu ta ƙarni na 19 zai yi aikin hannu da yawa, domin kamfanonin da ke ƙera mayaƙan wannan yanki kaɗan ne. Mafi kusa da ake samu cikin sauƙi su ne mayaƙan Mahadi na Sudan, irin waɗanda kamfanin Perry Miniatures ke yi, da dawakinsu da raƙumansu.

Dokin Turai na zamanin Napoleon bai dace ba. Ya fi na nan tsawo da kauri. Dokin yankin nan, mai jinin dawakin Arewacin Afirka da na Dongola, tsawonsa a kafaɗa bai cika wuce santimita 145 ba, wato kusan milimita 25 a ma'aunin 28. Siriri ne, mai ɗan tudu a karan hanci, kuturinsa a gangare.

Kayan hawa ma dabam suke. Sirdin Hausa yana da kwacciya mai tsawo gaba da baya, likkafa mai faɗi da ke ɗaukar tafin ƙafa duka, da jalala, da majayi, da kamazuru, da layu a wuya.

Lifidi shi ne babban aiki. Riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke gida-gida, tana rufe wuyan doki da ƙirjinsa da gangar jikinsa, mahayin ma yana sanye da irinta da kwalkwali mai gashin jimina. Tana tare kibiya mai dafi, amma tana da nauyi da zafi, wuta kuma na saurin kama ta. Baturen nan Hugh Clapperton ya ga 'yan lifida a rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a harin Konya cikin 1826, ya kuma bayyana yadda sai an taimaka wa mahayi kafin ya hau. A kan ɗan ƙaramin doki, ana murza danƙon nan ya yi faɗi kamar ganye, a lulluɓa, a zana layukan ɗinki da bakin allura, sannan a bi gidajen da ja da rawaya da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Doki guda na iya cin yini.

Wanda ke son gaskiyar tarihi kuma zai taƙaita yawansu. 'Yan lifida tsiraru ne a kowace runduna. Mafi yawa dakaru ne masu kwari da baka, sai mahaya marasa nauyi masu mashi da takobi da garkuwar fata, sai jakuna da takarkarai masu ɗaukar guzuri a baya.

Raƙumi, giwa da shanu

Littattafan wasa da dama suna rage wa doki maki idan ya fuskanci raƙumi ko giwa, saboda dokin da bai saba da su ba yana tsorata da warinsu da siffarsu. A yaƙin Ƙadisiyya, wajajen shekara ta 636, giwayen Farisa sun firgita dawakin Musulmi a ranar farko, daga bisani su kuma Musulmi suka lulluɓe raƙuma da tufafi suka tsorata dawakin Farisa.

Giwa a wasa makami ne mai kaifi biyu, domin idan aka raunata ta takan juya ta tattake nata. Haka ya faru da shanu a Tondibi, kusa da Gao, a watan Maris na 1591, lokacin da rundunar Askiya Ishaƙ na biyu ta koro garke a kan sojojin Maroko. Ƙarar bindigogi da igwa ta juyo da shanun kan masu su. Wannan shekara ce ma aka ɗauka a matsayin ƙarshen jerin Sudan ta Yamma da aka ambata.

Matsayin malamai

Ga mai karatu Musulmi akwai tambayar da ba za a tsallake ba, domin ana maganar siffar abu mai rai ne, mai jiki da inuwa. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surori. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a Afirka ta Yamma, haramcin ya fi ƙarfi a kan siffar mutum ko dabba mai inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika. Wadda aka rage wa wata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita, ko zanen da ba shi da inuwa, hukuncinsu ya fi sauƙi.

Malamai sun keɓe kayan wasan yara. Hujjarsu ta haɗa da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, waɗanda ruwayar Abu Dawuda ta nuna akwai doki mai fukafukai a cikinsu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya bai hana ba. Akwai kuma ruwayar sahabbai mata da ke yi wa yara abin wasa na ulu don su shagala a ranar azumin Ashura. A kan ko wannan rangwame ya haɗa da baligi mai tara irin waɗannan siffofi, malamai sun saɓa, da yawansu kuma sun taƙaita shi ga yara.

Ƙwayar da ake jefawa ma tana da nata zancen, saboda hadisin da ya hana wasan nardu, kuma an san Imamu Malik bai ga alheri a shaɗaranji ba. Idan kuɗi ya shiga kuwa, caca ce ba tare da saɓani ba.

Yawancin tsofaffin 'ya'yan shaɗaranji da aka samu a ƙasashen Musulmi ba su da siffar dabba. Doki curi ne mai ƙullutu ɗaya a gaba, giwa mai biyu. Darar Hausa da tsinke da tsakuwa ake yinta. Har yanzu kuma akwai masu wasan yaƙi a Turai da ke amfani da tubala da tutoci kawai, kamar na hafsoshin Furushiya.

Hattara da dalma

Tsofaffin sojojin wasa da ke yawo a kasuwar gwanjo na iya ƙunsar dalma, a jikinsu ko a fentinsu. Kamfanin Britain ya daina yin nasa na dalma a 1966. Ba a ba yaro irin waɗannan, ba a kuma gogarsu a inda ake cin abinci.

Haɗarin ya fi girma ga wanda zai yi sha'awar zuba nasa a gida da dalmar tsohon batirin mota, domin hayaƙinta da ƙurarta guba ne, kuma ƙananan yara suka fi cutuwa. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbi.

Rezin ma ana gogarsa ne a jiƙe, da ƙyalle a hanci, ruwansa kuma ba a taɓa shi da hannu tsirara kafin ya daskare. Fentin feshi da gam mai kamawa nan take ana amfani da su ne a waje, ko a ɗakin da tagoginsa ke buɗe.